Ƙirji Bai Yi Ciwo Ba: Wane Gwajin Zuciya Ya Cancanci Kuɗinka a Abuja?

Ranar sadakar uku ta wani maƙwabcinmu a Kubwa, bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, Yayana ya ja ni gefe. Marigayin sahu ɗaya suka yi sallar Asuba da Yaya, ya koma gida da ƙafarsa, kafin a fito da mota rai ya yi halinsa. Shekararsa 52, kuma iyalinsa sun ce ko sau ɗaya bai taɓa kukan ƙirji ba. Yaya kuwa shekararsa 54, yana da hawan jini, maganin ma yau ya sha gobe ya manta. Ya zaro takarda daga aljihu, jerin gwaje-gwaje ne na wani asibitin kuɗi, sannan ya nuna mini saƙon WhatsApp na wani mai shirya wa mutane tafiya Indiya neman magani. Ya ce, "Kai da kake karance-karance, duba mini. Wanne zan yi?"

Na ce, "Yaya, ka ba ni lokaci, kuma ka yarda mu je wurin likitan zuciya tare." Abin da na tattara a makonnin da suka biyo baya shi ne wannan, domin na san ba shi kaɗai ne mai riƙe da irin wannan takarda a garin nan ba.

Mun saba cewa jiki magayi, amma jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya ba su cika magana ba. Maiƙon da ke yawo a jini, musamman nau'in kolestarol ɗin da takardar gwaji ke rubutawa LDL, yana kutsawa cikin bangon jijiyar ne, ya taru a ƙarƙashin fatarta ta ciki. Jiki ya turo masa ƙwayoyin yaƙi, wurin ya kumbura, a hankali kalsiyam ya zauna a kai. Aikin shekara ashirin ne ko talatin. Mutane kan kwatanta shi da bututun ruwa da datti ya cushe, amma ya fi kama da maruru a cikin bango. Ciwon ƙirji lokacin hawan bene yakan fito ne sai hanyar ta ƙuntata da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Bugun zuciya kuwa sau da yawa daga marurun da bai kai haka ba yake zuwa: bakinsa ya fashe, jini ya daskare a kai cikin mintuna, hanyar ta rufe ruf. Wannan bambancin shi ne ginshiƙin duk zaɓin da za ka yi, domin wasu gwaje-gwajen ƙuncin hanya kawai suke gani, wasu kuma marurun kansa suke nema.

Akwai kuma wani shirun da ba shiru ba ne. Mai ciwon suga na shekaru, jijiyoyin jin zafinsa sun yi rauni, zuciyarsa na iya rasa jini bai ji komai ba. Mata da dattawa sau da yawa haki suke ji, ko gajiya marar dalili, ko zafi a saman ciki da za a yi ta sha masa maganin olsa. Sannan ga rayuwar Abuja: daga gida zuwa mota, daga mota zuwa lif, daga lif zuwa kujera. Zuciyar da ba a taɓa sa ta aiki ba, yaya za ta yi ƙorafi? Da likita ta tambayi Yaya yaushe rabonsa da tafiyar rabin sa'a a ƙafa, sai da ya koma har aikin Hajjinsa kafin ya tuna. Idan kana cikin waɗanda suka daina hawa bene saboda haki, ka fita daga sahun marasa alama. Maganarka daban ce, kuma ta fi gaggawa.

Na fara da mafi araha, domin shi ne mutane suka fi rainawa: awon jini, gwajin suga, gwajin kolestarol, da gwajin ƙoda. Babu ɗaya a cikinsu da zai nuna maka hoton jijiyarka. Abin da suke nunawa shi ne masu cusa maiƙon. Awon jini da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, suga na safe kafin karin kumallo da ya kai 7.0 a ma'aunin milimol ko 126 a ɗaya ma'aunin, LDL mai yawa, shan taba, da mahaifi ko ɗan'uwa da zuciya ta buga wa kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65. Likita yana haɗa waɗannan da shekarunka ya lissafa haɗarinka na shekara goma masu zuwa. Kusan duk babban asibiti a Wuse, Garki, Nyanya ko Gwagwalada zai yi maka su a yini ɗaya, kuma ga mafi yawan mutane a nan hukunci yake ƙarewa. Wanda ya haura shekara 40 yana da ciwon suga, ko wanda LDL ɗinsa ya kai milimol 4.9, ba ya buƙatar wani hoto kafin a fara masa maganin rage kolestarol. Ko an ɗauki hoton, maganin dai shi ne.

Sai gwajin lantarkin zuciya, wanda ake kira isiji, a manna maka wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana layi na kimanin daƙiƙa goma. Mai hawan jini ya kamata ya yi shi, domin yana nuna kaurin bangon zuciya, da rikicewar bugu, wani lokaci har da tabon tsohon bugun zuciya da mutum bai san ya yi ba. Amma mutum na iya samun isiji mai kyau sumul alhali manyan jijiyoyin zuciyarsa uku duk sun ƙuntata, saboda a kwance yake, zuciyar ba ta neman jini da yawa. Na san mutanen da suka adana wannan takarda a jaka suna ɗaukar ta shaidar lafiya, kuma abin yana damuna ƙwarai. Hoton eko, wanda ake goga na'ura a ƙirji kamar hoton mai ciki, shi ma haka: ƙarfin matsar zuciya da ƙofofinta da kaurinta yake nunawa, ba ya leƙa cikin jijiyoyin. A ƙasarmu, inda hawan jini ya fi komai lalata zuciya, yana da amfani sosai, amma tambayar da yake amsawa daban ce da wadda Yaya ya zo da ita.

Gwajin injin tafiya shi ne ya fi burge Yaya a takardar, domin a ganinsa an sa zuciya aiki an gani da ido. Ana ɗora ka a bel mai motsi, duk minti uku a ƙara gudu da tudu, ana kallon layin isiji. Ga mai ciwon ƙirji ko haki yana da muhallinsa. Ga wanda ba ya jin komai kuwa yana da rauni ta fuska biyu. Ba ya ganin marurun da bai ƙuntata hanya sosai ba, kuma ko a cikin masu toshewa ta gaske yakan kuskure wajen mutum ɗaya cikin uku. Sannan yana yawan ihu babu ɓarawo, musamman ga mata da masu kaurin bangon zuciya saboda hawan jini, wato mu. Sakamakon ƙarya kuwa ba ya tsayawa a takarda: shi zai tura ka gwaji na gaba mai tsada da haɗari. An jarraba wannan tunanin a bincike. A wani aiki da ake kira DIAD, wanda sakamakonsa ya fito a 2009, an raba masu ciwon suga 1,123 marasa alamar ciwon zuciya gida biyu, aka yi wa rabi gwajin wahalar da zuciya haɗe da hoto, aka bar rabi. Bayan kusan shekara biyar babu wani bambanci na a zo a gani a yawan bugun zuciya ko mutuwa tsakaninsu.

Inda na fi daɗewa shi ne gwajin kalsiyam, domin shi ne aka ƙera don mutum irin Yaya. Hoton siti ne na ƙirji, wato wanda ake ɗauka da na'urar CT scan, ba allura, ba ruwan rini, ka kwanta ka riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, cikin kwata na sa'a ka fito. Hasken radiyeshan da jiki ke sha daga na'urar kaɗan ne. Na'urar tana ƙirga kalsiyam ɗin da ya zauna a bangon jijiyoyin, kamar farin dutsen da ruwan burtsatse ke bari a gindin butar shayi, ta ba da lamba ɗaya bisa ma'aunin da likitan Amurka Arthur Agatston da abokan aikinsa suka wallafa a 1990. Sifili na nufin ba a ga komai ba, kuma haɗarin shekaru masu zuwa ya yi ƙasa sosai. Daga 1 zuwa 99 cutar ta fara. Daga 100 zuwa sama magana ta ƙare, a fara magani. Idan ta haura 300 kuwa, likita zai ɗauke ka kusan kamar wanda zuciya ta taɓa bugawa. Jagorar ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ta 2018 ta sa wannan gwaji a wuri guda takamaimai: mutum mai shekara 40 zuwa 75, marar ciwon suga, wanda haɗarinsa ke tsaka-tsaki, shi da likitansa suna kokwanton a fara maganin kolestarol ko a jira.

Amma kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Sabon maruru mai laushi, wanda kalsiyam bai riga ya zauna a kansa ba, ba ya fitowa a wannan hoto, shi ya sa sifili a hannun matashi ko mai shan taba ko mai ciwon suga ko wanda cutar ke bin danginsa ba lasisin barin magani ba ne. Babban binciken MESA, da aka fara a Amurka a shekarar 2000 da mutum 6,814, ya nuna baƙar fata sun fi fararen fata ƙarancin kalsiyam a jijiya a shekaru iri ɗaya, don haka lamba ƙarama a wurinmu ba ta shafe hawan jinin da ke ɓarna ta wasu hanyoyi. Lambar ba ta gaya maka yawan ƙuncin hanya. Kuma ba a maimaita hoton don a ga ko magani na aiki, domin maganin kansa yana ƙara taurin marurun, lambar ta hau alhali haɗari ya sauka. Ba kowace na'urar siti ke yin sa ba, sai mai saurin ɗauka da ke bin motsin zuciya, saboda haka ka tambayi cibiyar ƙarara ko suna yi, kuma wa zai karanta. Tambayar da ta fi muhimmanci kuwa kanka za ka yi wa: idan lambar ta fito babba, zan sha maganin kullum? Idan ka riga ka yarda za ka sha, ajiye kuɗin hoton ka sayi maganin. Idan ka san ko me ya fito ba za ka sha ba, hoton fargaba kawai zai ƙara maka.

Mataki na gaba shi ne hoton siti mai ruwan rini. Ana zuba ruwan aidin ta jijiyar hannu, sau da yawa bayan an ba ka ƙwayar rage gudun zuciya, sai jijiyoyin su fito ɓaro-ɓaro, da maruru mai laushi da mai tauri da wurin ƙunci. Ya fi na kalsiyam tsada nesa ba kusa ba, hasken ya fi yawa, kuma dole a duba ƙodarka tukuna. Ga mai ciwon ƙirji babban gwaji ne, kuma binciken SCOT-HEART na Sikotilan a 2018 ya nuna ya rage bugun zuciya a irin waɗannan mutane. Ga marasa alama kuwa, binciken FACTOR-64 na 2014 ya gwada shi a kan masu ciwon suga 900, bai sami raguwar da za a dogara da ita ba. Haɗarinsa na gaske shi ne abin da ke biyo bayan gani. Da zarar an nuna maka ƙunci a allo, da wuya ka yi barci sai an taɓa shi.

Nan ne maganar Indiya ta shigo. Gwajin da ake zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi har bakin jijiyoyin zuciya, wato anjiyogiram, shi ne mafi tabbaci wajen auna ƙunci, kuma a kan gadon nan ake sa ɗan ragar ƙarfen da ke buɗe hanya, sitent. Ga wanda zuciya ke bugawa a wannan sa'a, sitent ceton rai ne, babu ja. Amma ga mutumin da yake zaune lafiya, manyan bincike biyu sun amsa tambayar. COURAGE a 2007, da mutum 2,287, ya kwatanta sitent haɗe da magani da magani zalla, ba a ga bambanci a mutuwa ko bugun zuciya ba. ISCHEMIA, wanda aka wallafa a 2020 da mutum 5,179 daga ƙasashe da dama, ya ɗauki waɗanda gwaji ya tabbatar zuciyarsu na ƙarancin jini, ya bi su fiye da shekara uku, sakamakon bai canja ba. Ribar da aka gani ita ce sauƙin ciwon ƙirji, kuma ga waɗanda ke da ciwon ne tun farko. Wanda ba ya jin ciwo babu abin da za a sauƙaƙa masa. Dalilin yana cikin maganar marurun nan: sitent wuri ɗaya yake gyarawa, tsawon 'yan santimita, alhali cutar tana warwatse a duk jijiyoyin, kuma wanda zai fashe gobe ba lallai ne shi ne mafi girma yau ba.

Akwai togaciya, kuma tana da nauyi. Ƙunci a babbar jijiyar hagu, wadda aka cire masu ita daga binciken ISCHEMIA tun farko, ko toshewar jijiyoyi da yawa tare da raunin matsar zuciya ko ciwon suga, waɗannan likita na iya ba da shawarar buɗewa ko aikin tiyata na kewaye ko da ƙirji bai yi ciwo ba. Wannan hukuncin likitan zuciya ne da ya ga hotonka, ba na mai sayar da tikiti ba. Kuma wanda aka sa wa sitent ya san ya ɗauki alkawari: magungunan hana daskarewar jini guda biyu na tsawon watanni, sau da yawa shida zuwa goma sha biyu, ba fashi. Wanda ya dawo gida maganin ya ƙare ya ce ai an gyara, jini na iya daskarewa a kan ragar, ya jawo wa kansa bugun da ya je gudu.

To mene ne ke taɓa jijiyoyin gaba ɗaya? Ƙwayoyin da ba su da ban sha'awa. Magungunan rage kolestarol na dangin sitatin, waɗanda za ka ga an rubuta atorvastatin ko rosuvastatin a kwali, duk milimol ɗaya da suka sauke LDL suna rage manyan matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuma suna ƙarfafa bakin marurun. Sau ɗaya ake sha a rana, don haka azumi ba ya hana su. Wasu kan ji ciwon tsoka, a sauya musu nau'i ko a rage, suna ɗan ɗaga suga ga wanda dama yake bakin gaɓa, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita kafin ta fara. A ɓangaren hawan jini kuwa muna da abin alfahari a gida: binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodipine ya fi wanda ba shi da shi sauke jini a jikin baƙar fata. Asfirin kuwa, da mutane ke saye a kemis suna sha kullum da kansu, bincike uku da suka fito a 2018 sun nuna ga wanda zuciya ba ta taɓa bugawa ba, zubar jini a ciki na iya cinye ribarsa. Kada ka fara shi sai likita ya ce.

Sauran kuwa a kicin da titi suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafi. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako. Taba da shisha a bar su gaba ɗaya.

Ga yadda ta kaya da Yaya. Isijinsa ya nuna ɗan kaurin bango, aka yi eko, matsar zuciyar lafiya lau. Suga daidai, ƙoda daidai, LDL ya ɗan hau, ba ya shan taba. Likita ta ce haɗarinsa tsaka-tsaki ne, ta kuma ba da shawarar sitatin. Yaya ya ce, "Likita, maganin har abada fa kike cewa, ni kuwa ba na jin komai." Ta ce, "Alhaji, to mu duba kalsiyam, amma ka yi mini alkawari idan ya kai ɗari za ka sha." Ya yi alkawari. Lambar ta fito sama da ɗari. Ba a yi hoton rini ba, ba a yi injin tafiya ba, kuɗin tikiti bai fita daga asusu ba. Ta rubuta masa atorvastatin, ta haɗa maganin jininsa ya zama biyu, ta ce ya dawo bayan wata uku da sabon gwajin kolestarol, kuma ya duba lambar NAFDAC a duk kwalin da zai saya.

Kafin mu fito ta sa matarsa ta shigo, ta karanta musu alamomin da ba a jiran safiya a kansu: nauyi ko matsi a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, zafi mai bin hannu ko muƙamuƙi ko baya, zufa mai sanyi, haki a zaune, suma. Ta ce tun yanzu su san asibitin da ke da sashen zuciya mai aiki dare da rana, da hanyar da za su bi daga Kubwa idan titi ya cushe, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu injin awon jini yana kan teburin falonsu kusa da wani ɗan littafi da Anti, matar tasa, ke rubuta lambobin safe, kuma bayan Asuba Yaya ba ya shiga gida kai tsaye, sai ya zaga layinsu sau huɗu, ya wuce ta ƙofar gidan marigayin, ya gaida yaran idan sun fito shirin makaranta.